Turmin Iya Gambo a Ƙarƙashin Bashe

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce Juma'ar da na canza ma motar sarbis rasor a tsakar gidan da nake haya a Magariya. Tunda jiya ku matasan shoferori kun cika mana waya da gardama a kan kirik, abin ɗaga mota, bari in ba ku nawa.

Wajen shekarar saba'in da biyar ne, bayan babban farin nan. Ni ɗan birni ne daga Damagaram, da sabon permi na tuƙi a aljihu, aka turo ni sarbis ɗin dabbobi. Motarmu guda ce, bashe, mai buɗaɗɗen baya da rumfa. Aikina in kai masu yi ma shanu allura ƙauye, in maido su. Yadda ake yi, shef, wato shugaban sarbis, zai aika ma mai gari da arɗo tun da wuri a tsaida rana. Makiyaya su koro shanu daga nesa su tara wuri ɗaya. Magani yana cikin akwatin ƙanƙara, ba ya jira, su ma makiyayan ba sa jira. In ba ku zo ba suka watse, to sai baɗi. A shekarun nan kuwa, mai garke guda ƴan ƙwarori suka rage masa, ciwo ɗaya ya isa ya share su.

An tsaida mana Asabar a Dogo-Dogo. Ran Alhamis muna dawowa daga Sassumbrum na faɗa wani rami da rairayi ya rufe, sai na ji ƙas a baya, mota ta karkace. Rasor na hagu ya karye. Ga wanda bai sani ba, rasor shi ne ƙarafan nan masu lanƙwasa da aka jera kan juna, su ke ɗauke da bayan mota. Ƴan uwanmu na Kano sifirin suke ce masa. Muka ɗaure da itace da igiyar guga, muka rarrafo gida.

A ƙa'ida shofer ba ya kwance motar gwamnati. Shef zai rubuta Damagaram, garaj na can su aiko a ja ta, wata guda ba ku gan ta ba. Na samu shef ɗinmu Malam Sule a buro na faɗa masa. 

"Ni dai ban ce ka taɓa motar gwamnati ba," in ji shi. "Abin da na sani, Asabar da asuba zan fito in same ta a ƙofa."

Na gane. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa yana da matacciyar bashe irin tamu a bayan gidansa, kaji na ƙwai a ciki. Ya ce in kwance rasor duka biyun in tafi da su, shi ma yana da shanu a daji. Dama biyu ake canzawa, in ka sa ɗaya mota za ta riƙa tafiya a karkace.

A harabar sarbis ba ya yiwuwa, idon manya na wurin. Sai gida. Mai gidan da nake haya wata dattijuwa ce mai saida fura, Iya Gambo. Da safiyar Juma'a ni da Abdu, ɗaya daga cikin masu allurarmu, muka ɗage zana ɗaya ta dangar gidan muka turo mota ƙarƙashin dogon yaro.

Nan matsala ta fito. Ba a cire rasor sai an ɗaga jikin mota an tokare shi, ƙafafun baya su saki. Kirik ɗinmu ɗaya ne, ƙasa kuwa rairayi ce zalla. Babu dutse, babu bulo. Abdu ya juya ido cikin gidan, ya tsaya a kan turame biyu da ke gindin rumbu.

Iya ta ce ba ta san zancen ba. Babban turmin na kirya ne, na uwarta, da shi aka kawo ta gidan nan tana amarya. Ga gero ta jiƙa, masu fitowa masallacin Juma'a wurinta suke biyowa. Na yi mata bayanin shanun da ke jiranmu. Ta tambayi na wane gari, na ce Dogo-Dogo. Ta shiga ɗaki, ta fito ta ce mu ɗauka, amma kada ta ga ɗayanmu ya ɗora mazaunai a kai, namiji ba ya zama kan turmi a gidanta. Abdu ya ce, "Iya, mota fa?" Ta ce, "Ita ba ta da kunnen jin faɗa, kai kana da shi."

Muka shimfiɗa katako, muka ɗora kirik, muka ɗaga. Muka kifa turamen a ƙarƙashin shasi, ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, babba a hagu, ƙarami a dama, kirik na tsakiya yana riƙe da rabin nauyin. Na cire tayoyi, na jiƙa bulon, ƙusoshin ɗauri, da gazuwal, wato man gas, saboda tsatsa, na kwance ƙarafan da suka ɗaure rasor da gatarin ƙafa. Na dama ya fita, sabo ya shiga, ba gardama. Na hagu ne ƙusarsa ta gaba ta ƙi. Na shige ƙarƙashi na kwanta rigingine ina dukanta da guduma.

Ban ji komai ba sai muryar Abdu yana salati. Dukan da nake yi ya girgiza motar, katako ya zame cikin rairayi, kirik ya kwanta. Mota ta sauko gaba ɗaya a kan turamen. Na ji babban ya yi ƙara kamar an sare reshe. Ya tsage daga gindi zuwa baki, amma bai buɗe ba. Ƙarfen shasi ya tsaya, tsakaninsa da ƙirjina tafin hannu ba ya shiga sosai.

Abdu ya jawo ni ta ƙafa. Iya ta zo ta sa na miƙe, ta sa na ɗaga hannuwa, ta sa na taka. Sai da ta gama da ni sannan ta duƙa ta shafa tsagar. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Ka gama abin da ka fara. Ya riga ya fashe, kada ya fashe a banza."

Muka haƙa rairayi har muka taɓa ƙasa mai tauri, muka sake kafa kirik. Kafin la'asar mota ta tsaya kan ƙafafunta. Ranar ba a yi fura a gidan ba, ina jin ta daga ƙarƙashin mota tana sallamar masu zuwa da ƙwarya.

Asabar muka isa Dogo-Dogo ƙanƙara ba ta narke ba. Shanu na nan, aka yi musu allura har yamma. A can wani makiyayi ya nuna mini wata jar saniya da maraƙinta, ya ce na Iya Gambo ne, su kaɗai fari ya bar mata. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

Da muka dawo na roƙi Malam Sule sarbis ya saya mata turmi. Ya ce a wurin gwamnati motar nan ba ta taɓa lalacewa ba, to me zai ce ya fasa turmi? Sai na ɗauki karyayyen rasor na kai ma maƙeri. Ya buge falle ɗaya ya yi zobe, ya ɗaure turmin da shi da zafinsa. Ya kama. Sai dai sautinsa ya canza, ko daga bakin kasuwa in ana daka kowa ya san na Iya ne.

To ga abin da na ɗauka. Kirik na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, balle a rairayi. Kada ɗayanku ya shiga ƙarƙashin mota sai ya tokare ta da abin da ba ya zamewa. Na biyu, in kun shiga ƙauye da motar aiki ku sassauta murya. Sunana da na shef su ke cikin rahoton allurar shekarar, amma abin da ya ɗauki motar, ya ɗauke ni, turmin wata tsohuwa ne da ko gazuwal ba ta san kuɗinsa ba.