Kuɓewar Kaka da Kashin Kaji

Idan ruwan farko ya sauka, mutane sukan ce ƙamshin ƙasa suke ji. Ni a gidanmu warin akurki nake ji, irin warin da akuya ma in ta shaƙa sai ta fasa shigowa.

Akurkin na kowa ne. Kajin Inna, na Gwaggo, na matar Kawu, duk a ciki suke kwana, kowacce ta ɗaura wa nata zare a ƙafa. Shara kuwa juyi muke yi, mu yaran gida. Ranar da ta faɗo kanka, sai ka rarrafa ciki da guntun tsintsiya, zakaran Gwaggo yana harararka kamar ka zo cin gadonsa. In bokiti ya cika, ka kai ramin taki can bayan rumbuna, ka juye, ka rufe da toka da ƙaiƙayi, ka yayyafa ruwa. Sai ya yi watanni ya huce, ya koma baƙi, sannan a kai shi gona. Ni dai na ɗauka tsofaffi ne kawai ke son wahalar da mu.

Ina shekara goma lokacin. Kaka tana da 'yar shukar kuɓewa a bayan ɗakinta, ja, gajera, mai yauƙin da sai ka miƙe tsaye kafin ya tsinke. Da irin ta zo daga garinsu tun tana amarya. A shekarar ƙwari sun cinye ajiyarta, ɗan abin da ya rage a ƙullin tsumma ta shuke shi duka.

Ranar sharata na dubi ramin, nisansa kamar Makka. Kuɓewa kuwa taku uku. Na ce ai taki taki ne. Na tona gindin kowacce, na cusa ɗanyen kashin kaji, na mayar da ƙasa, har ina jin na yi aikin lada. Sau biyu na yi haka.

Ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki kamar an kara masa wuta, sannan ya langaɓe. Kaka idonta ya soma rauni, da hannu take dubawa.

"Ke 'yar nan, zo ki gane mini. Tsutsa ce?"

"Ban ga komai ba, Kaka."

Ta daɗe a tsugune tana murza busasshen ganye. "To, hannun ne ya tsufa," ta ce. "Ƙasa ta daina karɓa daga wurina."

Ranar ta miƙa wa Inna 'yar fartanyarta. Ba ta ƙara shuka ko ƙwaya ɗaya ba.

Shekara shida ke nan. Yanzu ramin taki a hannuna yake, ni ke juya shi, ni ke korar ƙannena in suka zo da ha'inci. Na bi masu iri a kasuwar Zakirai ɗaya bayan ɗaya ina neman irin kuɓewar Kaka, duk na leda suke sayarwa, mai hoto a jiki. Na aiki Kawu garinsu Kaka, aka ce masa rabonsu da wannan jar kuɓewar har sun manta.

Sau da yawa na zauna kusa da ita da niyyar faɗa mata gaskiya, sai in ɓige da ba ta dariya. Jiya baƙi suka zo gaishe ta, ta laluba ta kama hannuna ta ɗaga musu.

"Kun ga wannan?" ta ce. "Duk gidan nan ita Allah ya bai wa hannun shuka. Da a ce ita na bar wa kuɓewata, da yanzu tana nan."