Zauren da Ya Rage Mu Biyu

Shekarar da aka tura ni koyarwa Gazawa na buɗe zauren. Tarihi nake koyarwa a lakol, wato makarantar boko, kuma tun ina ɗalibi nake bin labarin siyasar Turai, har abokai na tsokanata wai na fi sanin ministocin Faransa a kan dattawan unguwarmu. A Gazawa ban san kowa ba. Iyalina suna Gidan Rumji, sai in an yi hutu nake ganinsu. In na taso daga aiki, daga ni sai tabarma da butar shayi da wayar salula.

Zaure ne na intanet, kyauta, ba talla, ba mai biyana. Doka guda na kafa: kowa ya faɗi ra'ayinsa, ban da zagi. Abokan karatuna da suka tafi Turai su ne suka fara shiga, su kuma suka jawo wasu, ɗalibai da direbobi da masu gadi. Bayan la'asar nakan zauna gindin wani gawo a bayan lakol, inda reso na waya ya fi kamawa, in karanta abin da aka rubuta, in goge zagi, in lallashi wanda ya fusata.

Da zaɓe ya gabato a ƙasar da yawancinsu suke, sai wani dattijo ya shigo. Mutumin Cadakori ne, ya tafi tun yana saurayi, ya yi aikin gini har ya tsufa a can. Bai iya rubutu sosai ba, murya yake turowa. Ya ce shi jam'iyyar da ke son a rufe wa baƙi ƙofa zai zaɓa, don waɗanda ke shigowa ba takarda suna ɓata wa irinsu suna.

Zauren ya kama da wuta. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke can, wadda ta fi kowa taya ni kula da zauren, ta kira ni a waya. Mushe take ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakol a wajenmu.

"Mushe, ka cire tsohon nan."

Na ce, "Hajiya, ya zagi wani ne?"

"Bai yi zagi ba. Amma ƙanena yana nan ba takarda, ko jandarma ya hango sai gabansa ya faɗi. Shi kuma yana cewa a kwashe su a mayar."

"Wallahi ni ma ban yarda da shi ba. Amma in na cire shi don ra'ayinsa, gobe wa zan cire?"

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta kashe. Ranar ta fita daga zauren. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ina zaune ina kallon sunayensu na ɓacewa. Waɗanda ba su fita ba suka daina magana.

Na so in sami wanda zan faɗa wa. A fadar samarin da nake shan shayi wani lokaci na soma ba da labarin, sai wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Mushe, su Turawan sun san kuna yi?" Aka yi dariya, aka koma zancen farashin gero da halin da iyakar ƙasa ke ciki. Ban ƙara tayar da maganar ba.

Haka muka rage mu biyu, ni da dattijon. Ya turo nasa, in mayar masa da martani, ba ranar da muka yarda da juna. Wata rana, ana tsakiyar gardama kan haraji, ya tsaya ya ce, "Ɗana, an yi ruwa a wajenmu kuwa?" Na ce an yi, har an yi shuka. Ya ce matarsa ta rasu, 'ya'yansa ba sa jin Hausa, in ba a zauren nan ba babu inda yake buɗe baki ya yi harshen uwarsa.

Bayan girbi muryarsa ta ɗauke. Na yi ta turo batutuwa, ba amsa. Daga baya 'yarsa ta rubuto da Faransanci daga salularsa cewa ya rasu, an binne shi a can.

Ranar kasuwar Cadakori na hau mota na je, na yi ta tambaya har aka kai ni gidan ƙanwarsa, wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Labarin ya riga ni isa. Na yi mata gaisuwa, ta dube ni da kyau.

"Kai abokin aikinsa ne?"

"A'a, Inna. Ko ganinsa ban taɓa yi ba. Gardama kawai muke yi."

Ta yi murmushi, ta ce tun yana yaro haka yake. Ta ɗebo gyaɗa ta zuba mini a leda, sannan ta tambaye ni ko yana samun tuwo a can, ko akwai mai dafa masa.

Na ce ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba.