Lawal ya tafi neman ƙanƙarar gaske

Lawal ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina zaune cikin mota a unguwar Malaz da ke Riyadh ina jiran maigidana ya sauko in kai shi ofis. Tamir ne ya kira, Basudanen da suke aiki tare, wanda kuma suka yi tafiyar tare. Yana kuka yana Larabci, sai da ya maimaita sau uku kafin maganar ta shiga kaina.

Lawal ɗin Gusau nake nufi, mai gyaran AC, wanda duk unguwarmu ta Manfuha ke kira Lawal Ƙanƙara. Jiya da rana ya rasu a kan wani dutse a ƙasar Jojiya, wajen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Na san wasu za su ce me ya kai Bahaushe can. Zan faɗa muku. Zan kuma faɗi abin da ke cin raina tun safe: ina tsoron da bakina a cikin mutuwar nan.

Shekara shida muna ɗaki ɗaya. Waɗanda suka zauna a Riyadh sun san abin da ake nufi idan AC ya mutu a watan Agusta. Lawal ake kira. Ya dawo daga aiki a gajiye, takalmi ma bai cire ba, wani zai buga masa waya daga unguwar Gubaira ya ce ɗaki ya zama tanda, sai ka ga ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Ya gyara, ya sha shayi, ya dawo.

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, namu AC ɗin ya lalace, kayan gyaran kuma sai bayan kwana biyu. Lawal ya jiƙa zanin gado ya rataya a gaban fanka, ya zauna yana sake jiƙa shi duk lokacin da ya bushe. Ni kuwa ina kwance ina masa tsiya, wai mai gyaran AC guda ya koma aikin wanki.

Haka nake da shi. Bakina ba ya barinsa ya huta, shi kuma dariya kawai yake yi.

Daga baya kamfaninsu ya tura shi wani babban kanti mai ɗakin dusar ƙanƙara, irin wadda inji ke yi, inda iyalai ke shiga su yi wasa su ɗauki hoto. Shi ke kula da injinan sanyin. A nan ya koyi zamiyar, da sassafe kafin a buɗe wa jama'a, a kan wani ɗan gangare da bai kai tsawon layinmu ba. Tun daga lokacin ya kamu. Mutum a tsakiyar zafin Riyadh yana yawo da rigar sanyi a kafaɗa, wayarsa cike da bidiyon Turawa suna gangarowa daga duwatsu.

Ya taɓa shigar da ni sau ɗaya. Minti goma ban yi ba na faɗi sau biyu, na fito ina rantsuwa. Ya biyo ni yana cewa, "Wannan fa ta inji ce, Bashir. Ta Allah laushi gare ta kamar garin tuwo. Sai na taka ta kafin in koma gida."

Bana ya samu hutu. Matsalar ita ce lokacin. Kamfani ba ya sakinsu a lokacin zafi, ba ya kuma sakinsu idan an yi hutun makaranta kanti ya cika. Abin da ya rage masa farkon Disamba ne, daidai lokacin da wuraren zamiyar ke fara buɗewa. Tamir ya duba ya ce masa dusar ba ta sauka sosai ba tukuna, su bari sai wata shekara. Lawal ya ce wata shekarar yana son ya kasance a Gusau kusa da 'yarsa Zainab.

Ganinmu na ƙarshe ranar Juma'a ne, bayan masallaci. Muka ci shinkafar kabsa a Gubaira, ya zo da sabuwar safar hannu yana ta nuna wa mutane. Na ce masa in sanyi ya daskarar da shi kada ya kira ni, ni direba ne, ba mai narkar da mutane ba. Ya yi dariya har ya ƙware. Da za mu rabu ya ce, "Ka riƙa wanke matatar AC ɗin nan, mutumina. Ba kullum zan kasance ba." Na ɗauka kwana bakwai ɗin da zai yi a tafiyar yake nufi, kuma na san shi ma abin da yake nufi ke nan.

Da suka isa, abin da Tamir ya faɗa shi suka tarar. Duwatsun rabi fari rabi ƙasa. Hanya ɗaya tak aka buɗe, ita ma injina ne suka fesa mata dusar. Sauran hanyoyin duk an ja musu jar igiya an kafa allo, domin abin da ya sauka a kansu bai kai ya rufe duwatsu da kututture ba. Daga nesa fari tas, ƙarƙashi kuwa dutse ne.

Jiya da hantsi ya turo min bidiyo. Yana tsaye cikin hular sanyi, hancinsa na yoyo, yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. A bayansa na hango injin fesa dusar, irin wanda yake gyarawa.

Na danna na yi masa voice. Ga abin da na ce, ba zan rage komai ba:

"Kai Lawal, ka hau jirgi ka ƙetare ƙasashe don ka je ka ga injin da ka baro a wajen aiki? Ai da ka zauna na kai ka kanti a mota. Ina ta gasken da ka cika mu da labarinta?"

Na yi dariya a ƙarshe. Har yanzu dariyar tana nan a cikin voice ɗin.

Ya amsa da rubutu: "Jira. Zan turo maka ta gaske."

Tamir ya ce bayan azahar suka sake hawa sama. Da suka sauka daga kujerun da ke kai mutane kan dutsen, Lawal ya tsaya yana kallon wata hanya ta gefen hagu da aka rufe. Babu sawun kowa a kanta. Tamir ya ce masa, "Mamnu'u, ya Lawal." Wato an hana. Lawal ya ce minti biyar kawai, su haɗu a ƙasa.

Ya ɗaga igiyar ya wuce.

Ina so ku fahimci wannan, don kada wani ya ce ganganci ne ko taurin kai. Duk rayuwar aikinsa, Lawal bayan igiya yake shiga. Ƙofar da aka rubuta ba a shiga, nan ne wajen aikinsa. In an zagaye wuri da jan ƙyalle a kanti, don shi aka zagaye, jama'a su tsaya shi ya wuce da jakarsa. Hannunsa ya saba ɗaga igiya kamar yadda nawa ya saba da sitiyari. Kuma dusar da ya sani ita ce wadda ya san abin da ke ƙarƙashinta, domin shi ya shimfiɗa bututun sanyin da hannunsa.

Ta kan dutse ba haka take ba. Bai yi nisa ba katakon zamiyar da ke ƙafarsa ya daki dutsen da ke ɓoye, ya wurga shi gefe, kansa ya bugu. Tamir ya jira a ƙasa har ya gaji, sannan ya sanar da masu ceto. Ko da suka iso da shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na san kwana ne ya ƙare. Na san ko ban yi magana ba, abin da aka rubuta ba ya wuce lokacinsa. Malamai sun faɗa, yau ma mutum uku sun faɗa min. Amma ni na san abin da na ce, na kuma san amsar da ya ba ni.

Ni aka sa na kira gida. Na kira yayansa, Yaya Sama'ila, na faɗa masa komai ban da voice ɗin. Ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Bashir, kai ne ɗan'uwansa a can." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shi ya sa na rubuta a nan, inda zai gani, inda Maman Zainab ma za ta gani. Yaya, ku yafe min. Ban iya faɗa da baki ba.

Manyanmu na nan suna ta ƙoƙarin takardu, duk abin da aka yanke game da jana'iza zan sanar.

Ɗazu Tamir ya sake kira. An ba shi wayar Lawal, da ita ma ya samo lambata. Ya ce hoto na ƙarshe a ciki an ɗauke shi ne a bayan igiyar: farar dusa shimfiɗe, babu inji, babu kowa, sai hannun Lawal cikin safa ya damƙo ta yana nuna wa kyamara. Bai kai ga turawa ba.

Tamir ya ce, "Naka ne. In turo?"

Na ce ya bari tukuna.

Ya Allah, bawanka Lawal ya sanyaya wa mutane da yawa ɗakunansu a garin nan. Ka sanyaya masa kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka raya Zainab cikin kulawarka, Ka ba mahaifiyarta da 'yan'uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya tsaya a danna alama ya wuce. Ku ambaci sunansa a sujada, Lawal. In kun gama, ku saka ni ma a ciki.