Kiri-kirin da Muka Dasa a Filin Makarantarmu

Wani yammacin Alhamis ne da bazara, shekarar da nake aji biyar a firamarenmu ta Nasarawa cikin Birnin Kebbi, lokacin muna Jihar Sakkwato. Muna tsakiyar ƙwallo, abokina Bala ya kwaso ta a guje, ba kowa gabansa sai mai tsaron gida, kawai muka ga ya kife. Ba wanda ya taɓa shi. Ƙafarsa ce ta faɗa cikin tsagar ƙasa har idon sawu, ta gurɗe. Mu muka tallabe shi zuwa gidan mai ɗori, yana cije leɓe don kada mu ga hawayensa.

Makarantar tamu tana gangaren da ya nufi fadama, filin kuwa baƙar laka ce zalla. Da damina ruwa ya kwanta a kanta, ta riƙe ƙafa, ta tuɓe wa mutum takalmi. Da rani ta bushe ta tsattsage, har yaro ya iya zura hannunsa ciki. Washegari a taron safe hedimasta ya ce an hana ƙwallo, in ruwa ya sauka dawa za a shuka a wurin. Jikinmu ya yi sanyi, domin an riga an tsayar cewa bayan damina wata makaranta daga Argungu za ta zo mu kara.

Malam Garba, malamin wasanni, shi ya roƙi a ba shi damina guda ya gwada gyara filin ya dasa ciyawa. Mutumin Gulma ne, a gonar shinkafa ya tashi. Ya tara mu gindin bishiyar dogon yaro ya ce, "Ɗiyana, lakag ga ba mugunta gare ta ba. Matsewa ta yi yawa, sai mun sassauta ta." Daga ranar, in an tashi makaranta mu ruga gida mu ɗebo ruwan rijiya, mu ba awaki harawa, mu dawo kowa da fartanyar gidansu. Manyan cikinmu suka farfasa ƙasar da diga, mu muka bi muna dandaƙe curin laka. Jakuna suka yi ta kawo yashi daga gulbi, muka roƙo takin shanu a rugar da ke bayan gari, muka kwaso ɓuntun shinkafa a buhuna daga wurin masu sussuka, aka cakuɗa duka da ƙasar. Muka haƙa ɗan lambatu kewaye da filin don ruwa ya sami hanya, sannan muka ɗaura igiya ga wani faffaɗan katako muna ja, ƙananan yara na zaune a kai suna dariya, har wurin ya daidaita. Inna kan dubi rigata ta girgiza kai, ta ce in dai laka ce na kwaso ta ishe ta gina murhu, amma ba ta taɓa hana ni tafiya ba.

Ciyawar daga Argungu ta zo. Wan Malam masunci ne a can, shi ya yanko mana kiri-kiri a bakin gulbin Rima, irin mai yaɗo a ƙasa, aka ɗoro ta da saiwarta a motar albasa. Muka tsattsinke ta, muka jera sahu muna dasawa kamar dashen shinkafa. Ruwan farko mai ƙarfi ya share mana kusurwar gabas kaf. Da safe muka tsaya muna kallon aikinmu kwance cikin lambatu. Malam ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga yana tsintowa, ya ce, "Wadda ruwa ya tumɓuke ba ta mutu ba, ku maishe ta." Muka ƙara yashi a wurin, muka sake dasawa. Sai kuma awakin unguwa suka gano mu. Muka yi shingen ƙaya, Bala da ba ya iya aiki saboda ƙafarsa ya zama mai gadi, yana zaune da sandarsa da danƙo, ƙafa a naɗe, ba akuyar da ta isa ta matso.

Kafin kaka filin ya rufe, kore shar. Mukan rage tsayin ciyawar da lauje, mu cire ƙarangiya, inda ya lotsa mu cike da yashi. Ranar da 'yan Argungu suka zo, Bala ya shiga bayan hutun rabin lokaci, ya yi gudunsa ba ɗingishi. Sun ci mu, gaskiya sun fi mu iyawa, amma ba wanda ya koma gida da ɓacin rai. Da aka watse na hango hedimasta ya tuɓe takalmansa, yana takawa a hankali daga wannan raga zuwa waccan. Dawarsa a bayan azuzuwa ya shuka ta.

Yau an gina azuzuwa a kan filin. Ɗana kuwa sana'arsa shimfiɗa ciyawar roba a ƙananan filayen ƙwallo. Kwanan baya na bi shi wurin gyara: lakar ƙarƙashi ta kumbura da damina, ta lotsa da rani, shimfiɗar ta tattare. Ya ɗaga gefen, ya kwashe lakar, ya zuba tsakuwa da yashi ya daddanne, ya manne bakin da gam, ya bi da buroshi. Kafin la'asar yara sun shiga suna wasa, ba mai tsoron tsaga, na kuma ji daɗin haka. Muna tsaye aka fara yayyafi, na ja numfashi ina jiran ƙamshin ɗanyar ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ji komai ba. Tasu ta fi tamu kyau, amma tamu tana da rai.