Kaska a Bayan Kaza

Baffa Abbo bai taɓa son kaji ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a unguwar Kachalla Sembe, na kuma sha jin yana cewa kaza ba dabba ba ce, tunda ba ta san mai ita ba. A bayan shanu ya tashi, a bayansu ya tsufa. Ciwo ya ci wasu, ɓarayi suka kora wasu, sauran aka yi ta sayarwa ana cefane. Da ya dawo gari, daga shi sai sandarsa sai matarsa Asta, ita ma ba ta daɗe ba ta rasu ta bar masa kajinta. Su ma suka yi ta ƙarewa har ya rage wata ja guda ɗaya.

Da damina ta ja baya sai kazar ta fara zubar da gashi, yadda nawa suke yi kowace shekara. Nawa suka yi muninsu, suka daina ƙwai, sannan suka mayar da gashi suka ci gaba da ɓata mini tsakar gida. Tasa kuwa bayanta ya zauna tsirara, ja wur, kamar wadda aka fara figewa aka fasa.

Abin ya tsaya masa a rai, domin 'yarsa Rauda da ke aure a unguwar Turaki cikinta ya tsufa. A danginsu, ranar suna ake nuna wa jariri dabbarsa, ita da duk abin da za ta haifa nasa ne. Shi karsana aka ba shi, ita ma Rauda karsana ya ba ta. Cewa jikansa kaza zai samu, wannan ya riga ya haɗiye. Amma kai kaza mai tsiraici gaban surukai, shi ne ya ƙi haɗiyuwa.

Na ba shi shawara har bakina ya gaji. Na ce ya zuba mata toka ta yi birgima, ya ƙara mata garin kifi a dusa. Har zakarana na ɗaure don kada ya riƙa tsallakawa yana hawanta, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Ba abin da ya sauya. Kullum da safe dai sai in ji ta tana tsala ƙara ta bayan katanga.

Ranar da aka aiko Rauda ta sauka, an samu namiji, na shiga yi masa barka. Na same shi zaune da kazar matse tsakanin gwiwoyinsa, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa bayanta, don idanun sun yi rauni. Yana tsinke wani abu da farce yana jefawa cikin gwangwanin kananzir.

"Baffa, me kake yi haka?"

"Kaska ne, Maman Cecilia. Kullum ina cire, kullum yana dawo. Duba, jini ne cike a cikin shi."

Na leƙa gwangwanin. Babu kaska ko ɗaya. Sabon gashi ne, yadda yake fitowa gajere, baƙi-baƙi, da jini a gindinsa. Tun lokacin da kazar ta fara mayar da gashinta, shi yake bi yana tuge mata.

Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Na rasa yadda zan lanƙwasa maganar, sai kawai na faɗa masa yadda take.

Ya saki kazar ta ruga ƙarƙashin rumfa.

"Haka nake yi ma shanu na," ya ce. "Kowane safe. Ba wanda ya taɓa yini da kaska a jiki." Can ya ɗago kai. "Zai fito kafin suna?"

"Ba zai fito ba, Baffa. Ka ɗauki ɗaya cikin nawa, wa zai sani?"

"Ba a ba yaro dabban aro."

Ranar suna ya sa ta a kwando, na raka shi Turaki. Da ya fito da ita wasu mata suka rufe baki da mayafi, wata kuwa ko kunyar rufewa ba ta yi ba. Ni na ji zafin dariyar, shi ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai shaida.

"Wannan na Muntasir ne, da duk abin da ya ƙyanƙyashe."

Rauda ta fito daga ɗaki ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta miƙa masa, tunda a al'adarsu dabbar yaro a garken kakansa take zama har ya girma.

"Baba, ka riƙe masa."

Ya mayar da hannayensa baya.

"A'a, ki bari a nan. Ni na gama kiwo."

Bai tsaya cin abinci ba. Na bi bayansa da kwandon wayam har muka iso gida.