Allon Darar Baffa

Injiniya ake ce masa, ko da yake injiniyancin nasa bai wuce gyaran waya ba, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene mai tebur ɗaya da tarin matattun batura. Ya gama jami'a, aikin ofis ya ƙi samuwa, sai ya rungumi sukudireba. Hannunsa na da kyau, ba ya ƙwarar kowa. Bayan sana'a abu ɗaya ne ya shiga ransa, wato buga dara a waya. Da kwastoma ya juya baya zai buɗe, ya kara da mutumin da bai taɓa gani ba.

Darar kuwa a hannun Baffa ya koya, yayan mahaifinsa, tsohon telan da yanar ido ta raba da kekensa. Kowace yamma Baffa kan ɗauko allonsa ya zauna a bencin ƙofar shagon Mai Aski, inda Direba da Tica suke taruwa. Murafen kwalba ne 'ya'yan darar, na ɗaya a kife, na ɗaya a buɗe, saboda haka da yatsa Baffa yake gane nasa. Ya shafa allo sau ɗaya, ya cinye mutum yana dariya.

"Direba, yau ma birki ya tsinke ke nan?"

"Bari dai, tsoho. Da idon nan naka lafiya yake, da mun yi ƙaura daga unguwar nan."

Injiniya ne ya kawo sauyi, kuma da kyakkyawar niyya. Direba ya kawo waya gyara, ya sa masa darar kyauta. Tica ya gani ya ce shi ma. Mai Aski ya bi sahu. Ya haɗa su rukuni ɗaya, yana jin ya yi abin kirki. Kafin a ankara kowa daga inda yake yake bugawa: Direba a tasha, Tica a kan gadonsa, Mai Aski tsakanin kai da kai. An gwada wa Baffa, ya shafa gilashin ya ce, "Wannan ai santsi ne kawai, ina 'ya'yan?" Aka yi dariya, aka bar maganar.

Garin neman gira an rasa ido. Baffa bai fasa fitowa ba. Daga ƙofar shagonsa Injiniya yana hango shi, allo a cinya, ya jera murafe, yana juya kai duk lokacin da ya ji takun mutum. Sai Injiniya ya ce a ransa gobe zai je. Goben ta yi ta komawa gobe, shi kuwa matsayinsa a wayar sai hawa yake.

Ranar da gwaggonsa, matar Baffa, ta ce masa, "Baffanka fa ya daina hira ko a gida," abin ya tsaya masa a rai. Ya rufe shago da wuri ya tsallaka titi.

"Wa nake ji kamar ɗan gidana? Injiniya, yau wuta aka ɗauke?"

"A'a Baffa, zuwa na yi in rama cin da ka yi mini tun ina yaro."

"To zauna, ka kawo wuyanka."

Fuskar tsohon ta washe. Suka fara. Ba a yi nisa ba wayar ta motsa a aljihu: wasan gasa ne, wanda ya makara an cinye shi. Injiniya ya zaro ta a hankali, ya kashe sautin, ya ɗora a gwiwa. Ai Baffa ba ya gani. Ido ɗaya a waya, hannu ɗaya a allo, yana tura murfi duk inda ya samu, yana cewa "uhm" in an yi masa magana.

Can sai Baffa ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya.

"Na bar maka guda uku a buɗe," in ji shi. "Da gangan. Ko ni da ba ni da ido na san suna nan."

"Baffa, wallahi hankalina ne ya ɗan..."

"Ba komai, ɗana. Da wa kake yi? Ya iya?"

Injiniya ya kasa ɗago kai. "Ban san shi ba."

"To kar ka bar baƙo yana jira, ba kyau."

Baffa ya tattara murafen a tafin hannu ya zuba a aljihu, ya laluba sandarsa. Injiniya ya miƙe zai kama shi, Baffa ya ce a'a, ya san hanya. A wayar kuwa an rubuto masa cewa ya yi nasara.

Washegari ya zo tun kafin rana ta yi sanyi, ya bar wayar a kulle a shago. Ya zauna jiran Baffa har Mai Aski ya share gashi ya ja ƙofa, tsohon bai fito ba. Da ya bi gida, gwaggo ta leƙa ɗaki ta dawo, ta tsaya a bakin labule ba ta dube shi ba.

"Ya ce a gaishe ka. Wai kar ka riƙa rufe shago saboda shi."