'Yar Kujerar Inna Raliya

Kafin rana ta gama fitowa a Bakura, lokacin da hayaƙin masu ƙosai yake tashi a hankali yana cuɗanya da raɓa, Inna Raliya ta riga ta iso ɗan asibitinmu. Ba ta sauri. Za ta buɗe ɗakin magani, ta goge kantoci, ta ɗora ruwan shayinta, sannan ta fito da wata 'yar kujerar katako irin ta tsakar gida ta ajiye a bakin ƙofa. Tun ina yarinya nake ganin kujerar nan, har zama ya sa ta yi santsi tana sheƙi. A watan nan Inna ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani a kanta tun tana iya karantawa da idonta.

Ba ta miƙa magani ta taga. Kowa ya zo sai ya zauna a kan kujerar, ko attajiri ne mai babbar riga. Mu dai mun ɗauka karamci ne. Ashe kallo take yi: yadda mutum yake sauka, da yadda yake miƙewa. Ta san halinmu sarai. Mu mutanen nan ko ƙafa ce ta guntule, in aka ce mana ina gajiya, ba gajiya za mu ce, har da murmushi. Baki yana iya rufa wa jiki asiri, amma cinya ba ta iya ba.

Baffana Ɗanasabe manomin shinkafa ne a Damri, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Mutum ne mai son man shanu a tuwo har sai ya yi iyo. Da aka auna jininsa, likita ya ce kitse iri biyu ya yi masa yawa, ya rubuta masa ƙwayar da ta haɗa magani biyu a cikinta, kowane da kitsen da yake ragewa. Ni na raka shi karɓa. Ina tuna yadda Inna ta yi masa bayani da muryar nan tata mai sanyi, ta ce jijiya kamar magudanar ruwan madatsar Bakolori take, in laka ta taru a ciki gona ba ta shan ruwa. Ta ce ƙwaya ɗaya a rana, tare da abinci, in ya manta kada ya haɗa biyu don ramuwa. Ya rage maiƙo da zaƙi. Kada ya haɗa da wani magani, na kanti ko na gargajiya, sai ya tambaya. Ya dawo a riƙa duba hanta da ƙoda. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Malam Ɗanasabe, in ka ji tsamin nama wanda ba ka saba ji ba, ko bawali ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ka aje ƙwayar ka taho. Kar ka jira."

"To, Hajiya. Allah shi saka da alheri."

Har yau in na zauna a bakin magudanar da yamma, ruwa yana tafiya shiru tsakanin kore, balbelu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, sai in ji kamar muryarta ce ke bin ruwan. Sai in riƙa tunanin dubban magudanai da ke cikin jikin mutanen ƙasar nan, daga Mafara har Maradun, da mace guda zaune a bakin ƙofa tana gadinsu ba tare da kowa ya sani ba.

A wannan shekarar, Babbar Sallah ta faɗo daidai da yankan shinkafar rani. Gida ya cika da soyayyen nama, kuma Baffa ba mai kallon tukunya ba ne ya wuce. Sai ya yi lissafinsa irin na manomi: in ciyawa ta yi yawa ana ƙara hannu, to tun da kitse ya ƙaru bari a ƙara ƙwaya. Ya koma shan biyu-biyu don wanke naman layya. Ga zafin rana, ga lauje tun safe, ruwa kuwa sai ya tuna. Da cinyoyinsa suka fara ciwo ya ce gajiyar gona ce, ya sayi maganin ciwon jiki wurin mai talla a kasuwa ya ɗora. Bai faɗa wa kowa ba. Dattijo ya yi kukan jiki ana tsakiyar girbi? Ai abin kunya ne.

Ƙwayar ta ƙare da wuri, ya ce in raka shi ya karɓo wata. Muka yi sallama, aka yi doguwar gaisuwa, gida da iyali da ruwa da gona.

"Ina gajiya, Malam?" in ji Inna.

"Ba gajiya, Hajiya."

Ta nuna masa kujera. Ya sauka a hankali yana dafa bango. Ta ce ya ɗan miƙo mata ledar da ke kan taga. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa da hannu biyu a kan gwiwa, fuskarsa ta yamutse. Ni ban ga komai ba sai tsufa. Ita kuwa ta ajiye kofinta.

"Mi ya samu ƙahwahun ga?"

"Ba komi, gajiyar yankan shinkahwa ta."

"Ƙwaya nawa kaka sha?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata, har da na mai talla. Ba ta yi faɗa ba. Ta san ba zai iya yi wa mace bayanin bawalinsa ba, balle a gaban 'yarsa, sai ta ɗaga kofin baƙin shayinta ta nuna masa.

"In ka zagaya, ya kai kalar wanga?"

Ya gyaɗa kai.

Nan take ta kira likita, ta ce naman jikinsa ne yake narkewa yana gangarawa ƙoda. Ita da kanta ta tsayar da motar da ta kai mu babban asibiti a Talata Mafara. A hanya ina riƙe da hannunsa, gonaki suna wucewa kamar a mafarki, ina jin tsoron da ban taɓa ji ba, don na riga na binne uba ɗaya. Aka yi ta ƙara masa ruwa. Likitan can ya ce da an ƙara jinkiri, da ƙodar ta tsaya. Bayan ya warke aka sauya masa magani, aka ci gaba da auna jininsa.

Inna, ke ce mai jin abin da baki ya ɓoye. Ba Baffa kaɗai ba. Wata Nusaiba daga ƙauyen Dosara ta ba ni labarin yadda kika hana mijinta raba irin ƙwayar nan da ita tana da ciki, shi kuwa a ganinsa ƙauna ce. Ba ki taɓa kunyata kowa ba, kuma ba ki taɓa barin kunya ta kashe mutum a gabanki ba. Uwar marasa lafiya, sannu da aiki.

Ranar da aka yi taron sallamarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Baffa ya zo da buhun shinkafar gonarsa. Ya wuce kujerun roba duka, ya je ya zauna a kan 'yar kujerar. Inna ta dube shi tana murmushi.

"Ina gajiya, Malam?"

"Akwai kaɗan, Hajiya, amma ta gona ta. In ta canza, zan hwaɗi."

Mutane suka yi dariya. Ni kam hawaye na yi. Sai ya miƙe tsaye cak, bai dafa komai ba, idonta yana kan gwiwoyinsa har ya gama miƙewa.

Mun gode, Inna Raliya. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da gidan Aljanna. Ku kuma masu ba da magani a ko'ina kuke, ku samo kujera ku ajiye, ku dubi mutum kafin ku miƙa masa leda. Ta Inna tana nan a bakin ƙofa, ta ƙi tafiya da ita gida. Ta ce wa Nazifa, wadda ta gaje ta, ta riƙa fito da ita kafin ta buɗe taga.